Aparai a Cikin Gora

Sallar layyar da ta wuce, dukanku kuna tsakar gida ana suyar nama, yayarku ta faɗi wata magana da dariya a bakinta. Ɗiyarta ce take bin mutane da waya tana ɗaukar su hoto, ta zo kaina ta ce Kaka gyara hularka. Sai yayarku ta ce da ita:

“Ɗauke shi da kyau. Mutumin da ya ɗauki hoton Dungass kaf, har da jakuna, amma ranar fet ɗina na makaranta ya kama hanyar kasuwar Guci.”

Kuka kwashe da dariya, ni ma na taya ku, na gyara hular aka ɗauka. Babu wanda ya lura ban ƙara kai hannu kwanon naman ba. Shekara da shekaru maganar nan tana yawo a gidan nan, har ta zama abin tsokana, kuma ni na bar ta ta yi ƙafa. Yanzu ido ya yi rauni, abokan zamana duk sun tafi, ba na so a rufe ni da ita. Ba gafarar kowa nake nema ba, don da za a dawo da ranar, abin da na yi shi zan sake yi. Ku dai ku sani, ranar nan ban je Guci ba.

Ku ƙanana kun taso kun tarar na ajiye sana'ar, don haka bari in ɗan koma baya. A lokacin ina da shago a bakin kasuwar Dungass, jikin na Sale Tela, da labule mai zanen jirgin sama a bango. Ranakun kasuwa in hau moto, wato babur, in bi Guci da Dogo-Dogo, ina ɗaukar hoton kat dantite, wato katin shaida, da na amare, da na samarin da suka sayi rediyo suna so duniya ta gan su da ita. Na'urar hoton, wadda muke ce wa aparai, tsohuwa ce ta ƙarfe, a Kano na saye ta hannun wani, in ka rataya ta yini guda wuyanka zai ba ka labari. Akwai ɗan madubi a cikinta da ke tsalle ya dawo duk lokacin da ka danna, shi ke ba da ƙarar nan, ƙwas! Sannan ka ja hannun da ke tura felikil, wato fim ɗin hoton, gaba, shi ma ya yi nasa kukan. Mutanenmu suna son ƙarar. Mutumin ƙauye in bai ji ƙwas ba, ba zai tashi daga kujera ba, cewa zai yi ba a ɗauke shi ba. Ni kaina ina taƙama da ita, har na kan ɗan jinkirta dannawa don jama'a su yi shiru su ji.

Yayarku a shagon nan ta yi rarrafe. Uwarta Hajara, matata ta fari da ba ku riske ta ba, tana dama fura ta sayarwa, in aiki ya yi mata yawa sai ta aiko mini da ita. Abin da kunnen yarinyar ya fara riƙewa a duniya shi ne muryata ina cewa kar a motsa, a rufe baki, sai ƙwas. Da ta fara magana, sai ga shi tana i'ina. Ba na cewa aparai ce ta jawo mata, Allah ne ya yi ta haka. Amma ko tana tsakiyar magana, da ta ji ƙarar nan sai ta ƙame, bakin ya rufe, abin da take faɗa kuwa ya tafi ke nan. Da tana ƙarama dariya muke yi. Sale yakan ce na haifi wadda ta fi kowa iya tsayuwar hoto a ƙasar Damagaram.

Ga kuma wani abu da ku 'yan yanzu kuke ɗauka wasa. Ita 'yar fari ce. A yadda aka rene mu, mutum ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya jan sa a jiki. Ni “ke” nake ce mata, uwarta kuma “yarinyar nan”. Ina kallonku yau kuna ɗora 'ya'yanku na fari a wuya kuna kiran su da suna har da ƙari, ba na ce muku komai, amma mu ba haka muka tashi ba. Muddin Hajara tana gida abin bai dame mu ba, don ita ke cika gidan da surutu. Ita ke tambaya, ita ke ba kanta amsa, mu biyu namu gyaɗa kai.

A shekarar da nake ba ku labari, tari ya kama Hajara tun lokacin sanyi, ya ƙi sakin ta. Likita ya ba da magani, ya ce a raba ta da yarinya kada ta ɗauka. 'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita gidansu a Yekuwa don jinya. Gida ya rage daga ni sai yarinyar, matar Sale ce ke aiko mana da tuwo. Na san kaɗaici tun ina yaro, amma ban san ana yin sa mutum biyu ba sai a shekarar nan. Mu zauna a tabarma ɗaya, ita magana tana mata wuya, ni kunya ta ɗaure mini baki, ba ka jin komai sai kukan awakin maƙwabta. Sau da yawa na kan buɗe baki in tambaye ta yaya lekwal, wato makarantar bokonsu, sai in ji abin ya yi mini nauyi, in ce ta miƙo mini ruwa. Na kan kunna rediyo ba don ina saurare ba, don dai a ji muryar mutum a gidan.

Madam Zuwaira, malamar ajinsu, ita ta gano abin da ni uban ban gano ba. In yarinyar ta haddace abu, aka bar ta ta rera shi da karinsa ba a katse ta ba, i'inar takan ɓace. Sai Madam ta tsara mata wasu baitoci da Faransanci, aka ce mini kan rijiyar gari ne, ta ce ita za ta karanta su ranar fet, wato bikin rufe shekara da ake tara iyaye da manyan gari. Direkta, shugaban lekwal ɗin, bai so ba, ya ce za a kunyata yarinya a banza. Madam ta dage. Wata rana da azahar sai ga ta a ƙofar shagona.

“Malam Ilu, abu ɗaya na zo roƙo. Ranar nan kada a ji ƙarar aparai a lekwal. Jiya wani ya karya kara a bayan aji, ta tsaya cak, sai da muka koma farko.”

“To Madam, wa zai ɗauki hoton fet ɗin? Ni nake yi duk shekara.”

“Bana a yi haƙuri. Ka zo hannu rabbana, ka zauna inda za ta gan ka. Ni zan ajiye maka wuri a gaba.”

Na ce na ji. Tun daga nan, kullum bayan la'asar yarinyar takan zagaya bayan rumbu, ta fuskanci bango, ta yi ta maimaita abinta. Ni ina ɗaki ina yi kamar ina goge gilashin aparai. Ba na jin Faransanci sai na gaisuwa da na ofis, amma don yawan ji, baitocin suka zauna mini a ka kamar waƙar talla. Na san inda muryar ke hawa, na san inda take sauka. Na san akwai wata kalma a tsakiya da ke maƙale mata, sai ta buga diddige a ƙasa sannan ta fito. In ta wuce wurin lafiya, sai in ci gaba da goge gilashina.

Ranar Juma'a na je Yekuwa kamar yadda na saba. Na tarar da Hajara a kan tabarma a bakin ɗakin uwarta, ta rame har awarwaronta yana kai wa gwiwar hannu. Na zauna nesa kaɗan yadda likita ya ce, na ba ta labari.

“Yarinyar nan? A gaban jama'a?”

“Haka Madam ta ce.”

“Malam, kada ka zolaye ni ina kwance.”

“Wallahi da kunnena nake ji. Daga farko har ƙarshe take kai shi.”

Tari ya taso mata, sai da ya lafa sannan ta ce:

“Tun da na haife ta ban taɓa jin ta kai magana ƙarshe ba, kullum ni ke ƙarasa mata. Ba za su bar ni in zo ba, ko sun bar ni ƙafa ba za ta kai ni ba. Ka kawo mini hoton. Amma ba irin naka na shago ba, da ake tsayawa kamar an dasa mutum. Ina so in ga bakinta a buɗe, mutane suna kallon ta.”

Tun da na aure ta Hajara ba ta taɓa roƙona hoto ba, ko nata na kanta. Na dubi hannun nan, na san abin da nake gani. Na ce mata to, ban gaya mata abin da Madam ta roƙa ba.

A satin nan kuma, muna cin tuwo, yarinyar ta ajiye loma ta dube ni. Na ga leɓenta yana rawa tun kafin maganar ta fito.

“Baba, ka... ka zo. A-amma ban da aparai.”

“In Allah ya so,” na ce, idona a kan kwano.

Ita ce magana mafi tsawo da ta yi mini a shekarar. To ga ni tsakanin roƙo biyu, kuma babu wanda zan iya cewa a'a. In na zauna a gaba hannu rabbana, Hajara ba za ta ga komai ba. In na ɗaga aparai, yarinyar za ta ƙame a gaban garin da rabinsa ya zo ne don ya ga ko za ta ƙame. Na yi ta juya abin, har na ce wa kaina ai ba aparai ce matsalar ba, ƙararta ce. In na kashe ƙarar, kuma yarinyar ba ta gan ni ba, uwa ta sami hotonta, 'ya ta kai karatunta. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne wurin zaman da Madam ta ce za ta ajiye mini.

Sale Tela kaɗai na gaya wa. In yarinyar ta tafi lekwal, sai mu rufe ƙofar shago, ya tsayar da kekensa, ya juya mini baya, ni kuma in danna aparai babu felikil a ciki. In ya ji, ya ɗaga hannu. Da bargo muka fara. Ƙarar ta ragu, amma ba na ganin komai, kuma zufa ta kusa kashe ni. Muka gwada tukunyar ƙasa, sai ƙarar ta ninka, Sale ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, ya ce da wannan ai har Magariya za a ji. Daga ƙarshe na samo babbar gora, muka yanke ta, muka huda gaba don gilashi, muka huda baya don ido. Sai abin da za a cusa. Tsumma bai yi ba, ciyawa tana ƙara nata surutun. Na koma gida na tsaya a ɗakin Hajara, na ga matashin kanta yana nan kan gado yadda ta bar shi. Na farke shi na kwashe audugar rimin da ke ciki. Sale ya ɗinka hannun tsohuwar riga a bakin gorar, inda zan zura hannuna. Da na danna, sai muka ji wani ɗan tuf, kamar kanya ta faɗo kan rairayi. Na ja da baya na sake dannawa, hannun Sale bai tashi ba.

“Ni dai ban ji ba,” in ji shi. “Amma ni kunnen tela gare ni, keke ya cinye shi tuntuni. Ita fa?”

“Akwai gurup,” na ce. “Duk shekara direkta yana aro injin wuta don lasifika, kuma ka san rurinsa. Ko bindiga aka harba ba a ji.”

“To hannun da ke tura felikil fa?”

Nan ya kama ni. A cikin gorar babu wurin jan sa, kuma ko da akwai, kukansa ya fi ƙarfin auduga. Ma'ana hoto ɗaya tak zan iya ɗauka. Na ce masa ɗaya ya isa, ai ɗaya aka roƙe ni.

Saura abu guda. Na san yarinyar, muddin tana zaton aparai tana cikin gari, kunnenta zai tsaya yana jiran ta. Dole ta ga fitarta da idonta. Don haka da safen ranar, wadda ta zo daidai da kasuwar Guci, na ɗaure jakar aparai a bayan moto a gabanta, aparai ɗin kuwa tana cikin gorar, gorar tana cikin buhu. Matar Sale ta yi mata kitso, ta ɗaura mata zanen uwarta shuɗi mai ratsin rawaya, an ninka shi biyu don ya yi mata tsawo.

“Zan kai wa mutanen Guci hotunansu, in bar aparai can a duba ta. Zan dawo kafin a zo kanki.”

Ta gyaɗa kai. Na bi ta tasha ina gaisawa da mutane da ƙarfi don kowa ya shaida na fita. Da na wuce gari, na ajiye moto a rugar wani abokina, na ɗauki buhuna na dawo da ƙafa ta cikin gonaki. An yi ruwan shuka, gero ya fara huda ƙasa, ina ta kaucewa kada in taka wa mutane. Na ɓullo ta bayan lekwal na shiga wani aji na zana da ba kowa a ciki, dab da rumfar da aka kafa don wasa. Na ɗan buɗa zanar daidai bakin gora. Daga nan ina ganin mai tsayuwa a rumfa ta gefe, ina kuma ganin jama'a a gabansa. A rayuwata ban taɓa samun wurin ɗaukar hoto mai kyau kamar wannan ba.

Zafi ake yi irin na farkon damina, ajin kuma babu iska. Na tsaya ina kallon yara suna wasan kwaikwayo, 'yan mata suka yi rawa, aka raba kyaututtuka, gurup yana ta ruri yadda nake so. A bencin gaba, kusa da Madam, akwai wuri ɗaya da ta ɗora jakarta a kai. Na ga mutum biyu sun zo za su zauna, ta hana su. Garin nan kaf na sani, kowa na taɓa gyara masa hula ko ɗankwali kafin in ɗauke shi, ga su duka a gabana suna ta hira, ni kuma ina laɓe a bayan zana kamar ɓarawon kaji. Ban taɓa jin ni kaɗai ne a duniya ba irin na wannan tsayuwar.

Ana saura kaɗan a zo kanta, gurup ya yi tari, ya sake yi, ya mutu. Aka taru a kansa ana ja ana bugawa, ya ƙi. Direkta ya ɗaga hannu ya ce a ci gaba haka nan, rana tana yi. Aka kira sunanta.

Ta fito ta tsaya. Abin da ta fara duba shi ne bencin gaba, ta ga jakar Madam. Madam ta gyaɗa mata kai. Mutane suka shiga cewa juna a yi shiru, a yi shiru, don kowa ya san 'yar mai hoto ce, kuma kowa ya san bakinta. Wurin ya yi tsit har ina jin kurciya a kan bishiyar dogon yaron da ke bakin ƙofa. Ta fara da 'yar murya, sannan muryar ta miƙe. Idona yana ramin gora, hannuna yana cikin hannun riga, ina bin ta a zuciya baiti bayan baiti. Muka iso kalmar nan. Ta tsaya kamar ƙiftawar ido, ta buga diddige, kalmar ta fito. Daga nan ta sake, ta ɗaga hannu yadda Madam ta koya mata, bakinta a buɗe, hasken rana a gefen fuskarta, ga kawunan mutane duk sun ɗago suna kallon ta. Hoton da Hajara ta roƙa ke nan, babu ragi. Yatsana yana kan maɓalli, na ma fara dannawa.

Sai na ji ta ja numfashi tsakanin baiti da baiti. Numfashinta na ji, da kunnena. Na ce wa kaina, Ilu, in kai kana jin numfashinta daga nan, ita za ta ji tuf ɗinka daga can. Wataƙila ba za ta ji ba. Wataƙila ta ji ta wuce. Amma ni na san kunnen nan, a shagona aka yi shi. Na tuna Hajara a kan tabarma, na tuna na ce mata to. Na ɗage yatsana. Na tsaya ina kallon hoton ta cikin gilashi har ya wuce, kuma ni kaɗai na taɓa ganin sa.

Ta kai ƙarshe. Madam ta miƙe ta ce a yi mata tafi, irin tafin 'yan lekwal da ake yi tare a lokaci guda, iyaye suka shiga, mata suka rangaɗa guɗa. A cikin wannan hayaniyar na danna. Ko ni ban ji ƙarar ba.

Na bi ta gonaki na koma na ɗauki moto, na shigo gari da la'asar ta hanyar Guci. Tun daga tasha ake tare ni.

“Ilu, ka yi asara! Yau 'yarka ta ba garin nan mamaki, kai kana can kana bin kasuwa.”

Na ce Allah ya yi wa yara albarka, don ba a yabon 'yar fari ko da wasu sun fara. A gida na tarar ta ninke zanen uwarta ta mayar cikin akwati. Ta ajiye mini tuwo da ruwa, ba ta tambaye ni komai ba, ba ta kuma dube ni ba. Na so in yi magana, wallahi na so. Sai na ce bari hoton ya fito, in ajiye shi a gabanta, shi ya yi maganar da ni ba na iyawa.

A lokacin sai an aika felikil Zinder a wanke. Na ba direban da na saba ba wa, bayan 'yan kwanaki ya kawo mini. Gefen hoton duk ya yi baƙi saboda bakin gora, kamar kana leƙe daga cikin rijiya. A tsakiya ga ta tsaye, baki a rufe gam. Kowa yana tafi, ita kuma ta miƙa wuya, idonta ya tsallake kawunan mutane yana kallon ƙofar lekwal. Ban gama kallon sa ba aka aiko daga Yekuwa cewa jikin Hajara ya tsananta. Na sa shi a aljihu na hau moto.

Wannan karon a ɗaki na same ta. Uwarta ta ɗaga ta ta jingina ta da bango, ta fita ta ba mu wuri. Na miƙa mata hoton, ta kai shi dab da ido.

“Malam, na ce maka bakinta a buɗe.”

Na gaya mata duka, da gorar, da mutuwar gurup, da numfashin da na ji. Abu ɗaya na ɓoye, ban ce mata yarinyar ba ta san ina wurin ba.

“Amma ta kai ƙarshe?”

“Ta kai.”

“Ba wanda ya ƙarasa mata?”

“Ba kowa.”

“To yi mini yadda ta yi.”

Na ce ai ni ba na jin Faransanci. Ta ce ita ma ba ta ji, in yi dai. Sai ga ni, ƙato da gemu, na miƙe a ɗakin surukata, na rera baitocin nan daga farko yadda kunnena ya riƙe su. Allah kaɗai ya san abin da nake faɗa. Da na zo kalmar nan na buga diddige, na ɗaga hannu. Hajara ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, hawaye yana zuba, tana yi mini alama in ci gaba. Rabona da jin dariyarta tun kafin sanyi. Da na gama ta koma kan hoton, ta daɗe tana kallo.

“Wa take nema haka?”

Kafin in ba ta amsa, sai ta ci gaba:

“Ni ce, ko? Ta san ba zan zo ba, amma sai da ta duba.”

“Ke ce,” na ce.

Ta kifa hoton a ƙirjinta. Ta ce in bar mata shi, kuma kada in gaya wa yarinyar nan ta gani, don zai dame ta a ce uwarta ta san ta neme ta ba ta samu ba. Na ce to. Wannan to ɗin kam na cika shi.

Gero bai fid da kai ba Hajara ta rasu. Bayan sadakar arba'in ƙanwarta ta ɗauki yarinyar ta tafi da ita Magariya, kamar yadda ake yi, don ba a barin 'ya mace a hannun namiji shi kaɗai. Bakin yarinyar ya sake ɗaurewa, ta yi watanni ba a jin ta. In na je duba ta, ta durƙusa ta gaishe ni ta tashi. Wane lokaci zan ce mata ga abin da ya faru? Hoton na neme shi a Yekuwa, aka ce kayan ɗakin mai tari duk an ƙone su. Felikil ɗin yana shago har shekarar da ruwa ya rushe rufin, ya tafi tare da na sauran mutane. Madam an yi mata canjin wurin aiki, ba ta taɓa sanin ina wurin ranar nan ba. Sale ya riƙe mini maganar har ya koma ga Allah. Na ƙara aure, aka haife ku, gida ya sake cika da surutu, labarin kasuwar Guci kuma ya zauna daram.

Ranar Sallar nan, da jikata ta ɗauke ni, ban ji ƙarar komai ba. Na tambaye ta ko ta ɗauka kuwa, kamar yadda mutanen ƙauye suke tambayata a da. Ta ce ta ɗauka mana, ta kashe ƙarar ne. Ta nuna mini wani ɗan wuri a jikin wayar, ta taɓa shi da yatsa ɗaya. Abin da na farke matashin Hajara saboda shi ke nan. Na ce mata Allah ya yi albarka, na tashi na shiga ɗaki.

Sauran maganar ta yayarku ce, ku ku matsa gefe. Yau ke ma Madam ce, kina tsayawa gaban aji cike da yara kina magana yini guda, an ce har tsoron bakinki suke yi. Ba ni da hoton da zan nuna miki, ni da na cika gidajen mutane da hotuna. Amma ki tambayi kanki wa ya gaya mini diddigen hagu kika buga. Wa ya gaya mini da kika gama kin goge tafin hannunki a zanen uwarki, kin dubi benci, sannan kin dubi ƙofa, kin daɗe kina duban ta har Madam ta zo ta kama hannunki. Ko'ina kin duba ban da hagunki.

Uwarki ta tafi da amsar da na ba ta, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma ke kin san wanda kike nema, ni ma na sani tun ranar. Yana nan tsaye bayan zana, kusa da ke har yana jin numfashinki. Kin kai ƙarshe ba wanda ya ƙarasa miki, kuma babu kalma ɗaya da ta wuce ni, Mariyama.